Leda Uku

Ƙarfe bakwai wayata ta yi ƙara.
Hajiya Tabawa ce daga Kantin Kwari:
"Tasi'u, akwai saƙo, Rijiyar Zaki,
yi maza kafin rana ta buɗe ido."

Na karɓa, na jinjina shi a tafin hannu,
bai kai nauyin goro biyu ba.
'Yan kunne ne, wai daga Sin suka taso,
suka hau jirgi, suka kwana a Legas,
suka bi tirela ta Tafa da Zariya,
yau ga su a bayan babur ɗina
cikin kwali, kwalin cikin leda,
ledar cikin leda, cikin wata ledar,
an ɗaure da salatif kamar karyayyar ƙafa.

A Kabuga muka cushe da 'yan adaidaita,
kowa na shaƙar abin da salansar wani ta amayar.
Kwalta na tururi.
Tsoho mai rake ya share goshi da hula,
ya ce shi dai tun da ya yi wayo
bai san ranar Kano da wannan mugunta ba.

Barira ta leƙo ta ƙofar gida,
ta yage, ta yage, ta ƙara yagewa,
ta ɗaga su sama, ta taɓe baki:
"Ba wannan launin na danna ba."
Iska ta kwashe ledojin, suka bi kwata.
Ni da 'yan kunne muka juyo gari,
man lita guda ya zama hayaƙi a banza.

Da can Inna kwando take ɗauka zuwa Kurmi,
ta taɓa, ta sansana, ta taya, a sallama.
Daddawa a ganye, gishiri a takarda,
ƙunshin kuwa akuyarmu ke cinyewa.
Bara akuyar ta kumbura ta mutu,
mahauci ya farka, leda ce cunkus.

Ƙanwata Hansatu mai karatu a Bayero
ta ce hayaƙi ba ya ɓacewa,
sama yake hawa ya taru,
ya zama bargo a kan mai zazzaɓi.
Na ce, "Babur ɗina nawa yake?"
Ta ce, "Da ɗaiɗai gero ke cika rumbu."

Baba ya yi shuka sau biyu bana a Bichi.
Ruwa ya leƙo, ya yi sallama, ya tafi,
tsiron ya ƙone a tsaye.
Da ya tashi dawowa a watan takwas
sai ya zo da na wata guda a dare ɗaya.
Kwatar Kurna ta ƙi haɗiya,
ruwan ya shigo mana har gado,
katangar ɗakin Inna ta durƙusa kafin asuba.

Da safe muka shiga da shebur, mu bakwai,
wando a naɗe, muna zaƙulo cikin kwata.
Soso, roba, jiƙaƙƙen kwali,
sai ga salatif ruwan ɗorawa
mai ɗauke da sunan shagon Hajiya.
Na san shi.
Da haƙorina nake yanke irinsa.

Na ce mata, "A rage leda ɗaya mana,
a tara saƙon unguwa, in kai a tafiya guda."
Ta yi dariya har da tafa hannu:
"Mai saye yanzu-yanzu yake so,
kuma ya fi son abin da zai yage."

Laka ba ta bushe a ƙafata ba
wayar ta sake ƙara.
Takalmin yaro ne, Hotoro, ƙafa ashirin.
Akwai kuɗin bulo a gabana, ga na siminti.
Na goge hannu a riga,
na dubi gabas, hadari na sake haɗuwa,
na buga babur.
Ya yi tari sau biyu, ya tashi.